Thomas Lawrence: Ɗan Mai Masauki da Ya Zana Sarakunan Turai

A shekarun 1770, idan masu hali na birnin Landan suka tashi zuwa Bath don hutawa da wanka a ruwan zafin da garin ya yi suna a kai, sai sun yada zango a hanya, domin tafiya ce ta keken doki mai cin kusan kwana biyu. Ɗaya daga cikin zangunan shi ne Devizes, wani ƙaramin garin kasuwa mai masauki da ake kira Black Bear. Mai masaukin mutum ne mai yawan zance da son a san da shi. Baƙo zai sauko a gajiye, ƙura ta rufe shi, ba abin da yake nema sai abinci da makwanci, sai mai gida ya shigo masa da wani ɗan yaro mai shekara biyar ko shida, ya ce ya zaɓa: ko yaron ya karanto masa baitocin manyan mawaƙan Ingila da ka, ko ya zana masa fuskarsa nan take. Da yawa sukan amsa ne don a rabu da su. Amma da yaron ya ɗauki fensir, kafin a kawo abinci sai baƙo ya ga kansa a kan takarda, kamannin da ko a gidansa aka nuna ba wanda zai yi musu.

Sunan yaron Thomas Lawrence, sunan ubansa aka maida masa. An haife shi a Bristol ranar 13 ga Afrilu, 1769. Mahaifiyarsa Lucy, 'yar limamin coci, ta haifi 'ya'ya goma sha shida, biyar kaɗai suka rayu, shi ne ƙaraminsu. Uban ya fara da aikin haraji, ya bari ya buɗe masauki a Bristol, kasuwa ta ƙi, ya kwashi iyalinsa zuwa Devizes a 1773. Zaman yaron a makaranta bai wuce shekara biyu ba. Sauran abin da ya sani a ɗakin baƙi ya koye shi: yadda ake yi wa manya magana, da yadda ake duban fuskar mutum a gane abin da yake so a gani a cikinta. David Garrick, wanda ba a yi ɗan wasan kwaikwayo kamarsa ba a wancan zamani, ya sauka a gidan ya saurari karatun yaron. Marubuciya Fanny Burney ta kwana a can a 1780, ta rubuta mamakin da zanensa ya ba ta a littafin da take ajiye labarin kwanakinta.

Ba a jima ba uban ya sake karyewa, wannan karon har masaukin ya fita hannunsa. Iyalin suka ɗan zaga ta Oxford, suka ƙare a Bath, kuma daga ranar nan hannun wannan yaro shi ne cefanen gidan. Bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Yana zana ƙananan hotuna masu siffar ƙwai da alli mai launi, kuɗin ya yi ta hawa har ya kai gini uku kowane ɗaya. Gini kuɗin zinariya ne, daidai da fam ɗaya da sule ɗaya, wanda aka fara bugawa da zinariyar gaɓar Afirka ta Yamma. Manyan da ke zuwa Bath suka riƙa zama a gabansa, har da Georgiana matar basaraken Devonshire, da Warren Hastings wanda ya mulki Indiya, da Sarah Siddons sarauniyar dandalin wasan kwaikwayo, wadda gidanta zai zama masa abin baƙin ciki daga baya. An ruwaito cewa wani attajiri ya yi tayin biya masa kuɗin tafiya Italiya ya koyi sana'ar daga tushe, uban ya ƙi, ya ce baiwar ɗansa ba ta bukatar malami. Wannan ƙin ya cutar da yaron. Uban ya san in ɗan ya tafi tukunya ta sauka daga kan wuta, kuma duk abin da ya biyo baya a rayuwar Lawrence, har bashin da ya mutu da shi, yana da saiwa a nan: tun yana ƙarami ya saba cewa zane hanya ce ta toshe ɓarakar da ke gida, bai taɓa samun sararin zama ya koyi abu don kansa ba.

A 1787, yana shirin cika goma sha takwas, ya shiga Landan. Ya kama ɗaki a Leicester Square kusa da gidan Sir Joshua Reynolds, shugaban Royal Academy, wato majalisar masu zane da Sarki ya kafa. Ya shiga makarantar majalisar amma bai daɗe ba, don aiki na jiransa. Ya ajiye alli ya koma fentin mai, ya ɗauko iyayensa ya kama musu gida. Sai mai karatu ya tuna cewa a lokacin babu kyamara, sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya. Duk basaraken da yake so jikokinsa su san kamanninsa, duk uwar da take son ta riƙe fuskar ɗanta, sai sun je gaban mai zane sun zauna. Manyan gidajen ƙasar cike suke da hotunan kakanni jere a bango, kuma rataye naka a cikinsu shaida ce ta asali da mallakar ƙasa. Saboda haka sana'a ce mai kuɗi, mai kishi kuma. Gainsborough ya rasu a 1788, idanun Reynolds sun fara mutuwa, fage ya buɗe.

A watan Satumba na 1789 aka kira shi fadar Windsor ya zana Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku. Shekarunsa ashirin. Lokaci ne mai nauyi a gidan. Sarkin bai daɗe da farfaɗowa daga taɓin hankalin da ya kwantar da shi wata da watanni ba, ga labarin juyin juya halin Faransa yana isowa kullum, kuma duk wannan ya nuna a fuskar matar. Ba da son ranta ta zauna ba. Saurayin ya roƙe ta ta cire hular da ta sako, ya kuma nemi ta riƙa hira don fuskarta ta saki, abin da ta ɗauka a matsayin wuce gona da iri. Ya zana ta zaune kusa da taga, kai ba hula, gashinta ya yi fari, sanye da siliki mai sheƙi, ana hango cocin makarantar Eton daga nesa. Wanda ya kalli hoton zai ga mace mai daraja wadda wahala ta tsotse, tana ƙoƙarin riƙe kanta. Fadar ta ƙi karɓa. Sarki bai so ganin matarsa kai a buɗe ba, ita ma hoton bai kwanta mata ba, ba a biya shi ba, hoton ya zauna a ɗakin aikinsa har ya mutu. Yau yana National Gallery a Landan, cikin ayyukansa da aka fi girmamawa. Ina ganin darasin da ya ɗauka daga Windsor shi ne cewa manya ba sa biyan kuɗin gaskiyar fuskarsu, kuma ya daɗe yana aiki da wannan darasi.

A baje kolin Royal Academy na 1790 ya nuna hoton Sarauniyar tare da na wata 'yar wasa, Elizabeth Farren, tsaye a fili cikin farar alkyabba, ta waiwayo kamar an kira sunanta. Gari ya ɗauka. Daga nan hawa kawai ya yi ta yi. Reynolds ya rasu a 1792, Sarki ya naɗa Lawrence mai zanen fada a madadinsa, a 1794 kuma ya zama cikakken ɗan majalisar bai cika shekara ashirin da biyar ba.

Yadda yake aiki ya bambanta da na saura. Yakan fara zana kan mutum da baƙin alli a kan ƙyallen, dalla-dalla, har ya gamsu, sannan ya ɗauki burushi. A tsaye yake aiki, yana jan mai zaman da hira cikin murya mai taushi, yana jiran lokacin da fuska za ta manta ana kallonta. Gwanintarsa mafi girma a ido take. Yakan sa ɗan ɗigon haske da ke sa ido ya zama kamar da ruwa a ciki, har ka ji mutumin zai yi magana. Siliki da karammiski da ƙarfen takobi kuwa da gudu yake shafa su, burushi ɗaya biyu sun fito. Masu suka sun ce yana ƙara wa mutane kyau fiye da ƙima, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mata sukan fito da dogon wuya da jan leɓe, maza sukan fito kamar jarumai ko da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba. Don haka ne ma layi ba ya yankewa a ƙofarsa.

Cikin ayyukan farkon nan akwai wanda ya fi kowanne yawo a duniya. A 1794 aka kawo masa wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, Sarah Barrett Moulton, wadda 'yan gida ke kira Pinkie. A Jamaika aka haife ta, aka turo ta Ingila karatu, kakarta da ke can ta yi kewarta ta nemi a aiko mata da hotonta. Ya zana ta tsaye a kan tudu, iska na kaɗa farar rigarta da igiyoyin hularta, teku a bayanta, tana kallon mai kallo kai tsaye. A watan Afrilu na 1795 yarinyar ta rasu tana da shekara goma sha biyu, kwanaki kaɗan kafin a buɗe baje kolin da aka fara nuna hoton. Akwai kuma abin da hoton bai nuna ba, wanda bai kamata mu tsallake ba. Dukiyar gidan Barrett daga gonakin rake ta fito, kuma bayi 'yan Afirka ne ke noma su. Kuɗin da aka biya mai zane, da na farar rigar kanta, guminsu ne. Da yawa daga cikin silikin da Lawrence ya ƙware wajen zanawa irin wannan tushe gare shi. Hoton yana ɗakin tarihi na Huntington a Kaliforniya, bayan an saye shi a gwanjo a 1926 kan gini 74,000.

Shi kansa bai so ya ƙare a mai zanen fuskoki ba. A wancan zamani zanen manyan labaran tarihi da na addini ake ɗauka ƙololuwar sana'a. A 1797 ya fito da wani ƙaton zane na Shaiɗan yana kiran rundunarsa, daga labarin da ke cikin waƙar mawaƙin Ingila Milton da ya hardace tun yana yaro. Ya zuba ransa a ciki, aka yi masa dariya, ba wanda ya saya. A shekarar nan kuma uwa da uba suka rasu, 'yan watanni tsakani.

A daidai wannan lokaci ne ya shiga abin da ya fi ɓata masa suna. Cikin 'ya'yan Sarah Siddons akwai 'yan mata biyu, Sally babba, mai natsuwa, da Maria ƙarama, mai kyau da zafin rai, dukansu kuma ba su da ƙoshin lafiyar ƙirji. Lawrence ya fara son Sally, suka fahimci juna a ɓoye. Sai zuciyarsa ta juya ga Maria, Sally ta haɗiye ta ja da baya, iyaye suka amince aka yi baiko. Ba a yi nisa ba ya zo wa uwar a rikice, ya ce ya gane kuskure ya yi, Sally ce yake so. Aka warware baikon. Maria, wadda tarin fuka ya riga ya kama, ta ci gaba da ramewa, aka kai ta Clifton kusa da Bristol neman sauƙi. A watan Oktoba na 1798, tana kan gadon mutuwa, 'yar shekara goma sha tara, ta sa yayarta ta yi mata alkawari a gaban shaidu cewa ba za ta taɓa auren wannan mutum ba. Sally ta yi alkawarin. Lawrence ya yi ta aika wasiƙu kamar wanda ya zare, har da barazanar kashe kansa, amma ta tsaya a kan maganarta har ta rasu a 1803. Ba na jin da mugun nufi ya yi, sai dai rashin mugun nufi bai rage wa gidan nan komai daga abin da ya same su ba. Mutum ne da ya tashi yana faranta wa duk wanda ke gabansa, kuma irin wannan hali da ke cika ɗakin zane da baƙi shi ne ya raba 'yan'uwa biyu a kwanakinsu na ƙarshe. Bai taɓa yin aure ba.

Sunansa ya sake shiga bakin duniya a 1806, lokacin da gwamnati ta binciki halayen Gimbiya Caroline, matar Yarima mai jiran gado. Ya taɓa kwana a gidanta da ke Blackheath yayin da yake zana ta, wasu barorin gida suka yi zargi, sai da ya rantse a rubuce cewa babu komai tsakaninsu. Binciken bai kama shi da laifi ba.

Abin da ya fi ɗaure wa mutanen zamaninsa kai shi ne bashi. Ga mutumin da ya fi kowane mai zane a Ingila samun kuɗi, ba ya caca, ba ya shaye-shaye, ba ya tara dawaki, yana aiki daga safe har dare, amma kullum masu bin bashi na ƙofa. A 1807 ya kai bakin karyewa, sai da abokinsa Joseph Farington ya zauna ya tattara masa lissafi, masu kuɗi irin su Thomas Coutts mai banki da John Julius Angerstein suka riƙa tallafa masa. Ina kuɗin ke tafiya? Wani kaso ga dangi, domin bai daina ɗaukar nauyinsu ba. Wani ga matasan masu zane da duk wanda ya zo da kuka, don bai iya cewa babu ba. Lissafi kuwa bai taɓa riƙe shi ba. Amma babban ramin shi ne sayen zane-zanen hannu na magabata. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun tarwatsa taskokin manyan gidajen Turai, takardun da Raphael da Michelangelo da Rembrandt suka yi zane a kansu da hannunsu suka fito kasuwa, shi kuwa duk wadda ya gani sai ya saya, ko da kuɗi ko da bashi. Yaron da aka hana zuwa Italiya ya koyo, ga shi yana sayo Italiya takarda bayan takarda yana kawowa ɗakinsa, yana zama da su da dare yana nazari.

Bashin ya shafi aikin kansa. Al'adarsa ita ce ya karɓi rabin kuɗi a zaman farko. Don haka duk lokacin da aka matsa masa, mafita ita ce ya karɓi sabon aiki, ya zana kai, ya jingine ƙyallen a bango, ya kira na gaba, kamar telan da ya karɓi ɗinkin Sallar gari guda da kafin alƙalami. Gidansa da ke lamba 65 a Russell Square ya cika da kawuna marasa jiki. Hoton marubuci Walter Scott ya ɗauki shekaru kafin ya kammalu. Ana ba da labarin wani basarake da ya gaji da jiran hoton matarsa da jaririnsu, Lawrence ya roƙi a kawo su zama ɗaya na ƙarshe, mutumin ya amsa cewa matar za ta zo, amma jaririn yanzu hafsan soja ne.

Babban aikin rayuwarsa ya zo ne daga hannun mijin Caroline ɗin nan, Yarima George, wanda ke riƙon sarauta saboda ciwon ubansa ya dawo. A 1814, da aka ci Napoleon karon farko, shugabannin ƙasashen ƙawance suka zo Landan, Yarima ya sa Lawrence ya fara zana su, da janar-janar irin su Blücher na Furushiya da Platov na Rasha da Wellington na gida. Shi ma Yariman ya zauna, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya da ƙiba ta yi wa yawa, ya fito a hoto kamar saurayi, har 'yan jarida suka yi ta magana. A 1815 aka ba shi sarautar Sir. A 1818 aka aike shi Aachen, inda sarakunan Turai suka taru don daidaita al'amuran bayan yaƙi. Gwamnati ta sa an ƙera masa ɗakin aiki na katako a aiko masa, bai iso da wuri ba, hukumar garin ta ba shi wuri a zauren majalisarta. Nan Sarkin Rasha Alexander da na Furushiya da na Ostiriya suka riƙa zuwa suna zama a gabansa. Daga can ya wuce Vienna, ya zana manyan fada da na soja, har da ƙaramin ɗan Napoleon da ake riƙo a gidan kakansa.

A 1819 ya isa Roma, yana da shekara hamsin, karon farko da ya taka ƙasar da aka hana shi zuwa. Aka sauke shi a fadar Quirinale. Aikinsa shi ne ya zana Paparoma Pius na Bakwai, abin da ba ƙarami ba ne a ce mai zanen masarautar da ta rabu da cocin Roma kusan shekara ɗari uku ne zai yi shi. Paparoman tsoho ne mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda Napoleon ya kama ya tsare daga 1809 zuwa 1814. Lawrence ya zana shi zaune a kan babbar kujerar jan karammiski, ɗan ƙaramin jiki a cikin faffaɗan wuri, ya ɗan karkata, hannayensa sirara sun dafa kujerar, idanunsa a farke kamar na wanda ya ga abubuwa da yawa bai karaya ba. A nan babu ƙarin kyau, babu rage shekaru. A ganina wannan hoto da na Sarauniya Charlotte su ne amsar masu cewa Lawrence ɗan fadanci ne kawai. Shekara talatin ke tsakaninsu, kuma dukansu sun nuna abin da hannunsa ke iya yi idan ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani. Waɗannan hotuna na sarakuna da janar-janar suna jere yau a zauren Waterloo na fadar Windsor, zauren da ba a gama shi ba sai bayan mutuwarsa.

Ya dawo Landan ranar 30 ga Maris, 1820. Shugaban Royal Academy, Benjamin West, bai daɗe da rasuwa ba, kuma a daren ranar aka zaɓi Lawrence ya gaje shi. Ya riƙe kujerar shekara goma, yana cikin waɗanda suka sa baki gwamnati ta sayi tarin hotunan Angerstein a 1824, wanda da shi aka kafa National Gallery. A shekarun nan ne ya yi hotunan yara da suka fi taɓa zuciya. A 1825 ya zana Charles William Lambton, ɗan wani mai ma'adinan kwal da ya zama basaraken Durham daga baya, yaro cikin jan karammiski zaune a kan dutse ya tallafe kai yana tunani. An biya shi gini 600. Tarin fuka ya ɗauke yaron a 1831 yana da shekara goma sha uku. Hoton ne zane na farko da aka buga a jikin kan sarki na aika wasiƙa a Birtaniya, a 1967, kuma National Gallery ta saye shi a 2021 kan fam miliyan 9.3. A 1828 William Wilberforce, wanda ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da cinikin bayi a majalisar dokoki, ya zauna masa. Kan kawai ya gama, fuska mai fara'a a karkace, sauran jiki layukan alli ne. Haka hoton yake har yau a National Portrait Gallery.

A farkon Janairun 1830 ciwo ya kama shi yana tsakiyar aiki. Likitoci suka yi abin da suka sani a lokacin, suka tsaga jijiya suka zubar masa da jini, suka sa masa matsattsaku, abin da ya ƙara raunana shi. Ya rasu ranar 7 ga Janairu yana da shekara sittin, aka ce zuciya ce. Ranar 21 ga wata aka binne shi a Majami'ar St Paul, cikin sanyi da ƙanƙara, da jerin kekunan dokin manyan ƙasa. Turner, babban mai zanen teku da sararin sama, yana cikin masu rakiya, ya koma gida ya zana jana'izar daga abin da ya riƙe a ka. Da aka buɗe ɗakin aikinsa aka tarar da hotuna sama da ɗari da ba a gama ba, da yawa an riga an biya rabin kuɗinsu, ga kuma tarin bashi.

Wasiyyarsa ta nuna inda zuciyarsa take. Tarin zane-zanen magabatan nan, wanda masana ke cewa ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya tara irinsa a Ingila ba, ya so ya zauna wuri ɗaya a ƙasarsa, inda matasa za su je su koya. Ya yi umarni a yi tayinsa kan fam 18,000, kuɗin da bai kai abin da ya kashe ba ko kusa, a fara da Sarki George na Huɗu, wato Yariman nan da ya hau gadon sarauta, in ya ƙi a kai wa British Museum, sannan ɗan siyasa Robert Peel, sannan basaraken Dudley. Sarkin, wanda Lawrence ya shafe shekaru yana gyara wa kamanni, bai saya ba, shi ma ya rasu a watan Yuni na shekarar. Sauran ukun ma suka ƙi. Aka yi ƙoƙarin tara kuɗi daga jama'a, abin bai yi nisa ba. Daga ƙarshe dillalin da ya sayar masa da yawancinsu, Samuel Woodburn, ya karɓe su kan fam 16,000, ya yi ta baje kolinsu yana roƙon gwamnati ta saya, ba a kula shi ba, ya fara sayarwa kashi-kashi. Wasu suka tafi Holan wurin yariman ƙasar, wasu suka watsu cikin Turai. Wannan babbar asara ce da masu mulkin Ingila suka jawo wa ƙasarsu da hannunsu, alhali su ne mutanen da fuskokinsu ke rataye a bango da aikin mai wasiyyar. Abin da aka ceto shi ne wani kaso na zanen Raphael da Michelangelo, wanda masu kishi suka haɗa kuɗi suka saya wa Jami'ar Oxford a shekarun 1840. Suna ɗakin tarihi na Ashmolean, kuma saboda su ne ake lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tarin zanen hannun Raphael.